Ledar da na ɓare daga agogon Baba

Shekara goma sha biyu na yi ina gyaran agogo a kasuwar Karaye kafin agoguna masu lamba su shigo mana, wajen ƙarshen shekarun tamanin. Agogo mai hannu kam, ko ido rufe zan kwance shi in mayar. Wannan iyawar ce ta kumbura mini kai, har na ɗauka babu abin da ke da murfi a baya da zai gagare ni.

Mahaifina shi ne ladanin masallacin unguwarmu a Rogo Ruma. Da inuwa yake aiki tun yana saurayi. Akwai wani turke a ƙofar masallaci, idan inuwarsa ta kai wani dutse azahar ta yi, idan ta kai na gaba la'asar. Amma da damina rana takan ɓuya wuni guda, ga kuma idonsa ya fara hazo. Hannun agogo ya yi masa siriri, ba ya ganinsa. Shi ya sa ƙanena ya sayo masa mai lamba daga birni, manyan lambobi baƙaƙe a kan fuska ruwan toka. Da shi ya ci gaba da kiran salla, duk da wasu sun fara ƙunƙuni cewa tsoho ya kamata ya huta.

Wata Juma'a na je gida gaishe shi. Ni ne ɗan fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, kuma ba ya kallona sosai idan yana magana. Ya kwance agogon daga hannunsa ya ajiye a tabarma tsakaninmu.

"Kai da kake sana'ar, duba mini wannan," ya ce. "Fuskarsa duhu gare ta. In hadari ya haɗo, sai na karkata shi sau uku kafin in karanta. Ko akwai yadda za a yi haske ya ƙara shiga?"

"Abu mai sauƙi, Baba," na ce. Ban taɓa buɗe irinsa ba.

A rumfata na kwance shi. Babu ƙafa mai haƙora ko ɗaya da ke juyawa a ciki, sai batir da ɗan allo da gilashi siriri. Na ɗaga gilashin sama, sai na lura akwai wata leda mai duhu-duhu manne a kansa. Na ce to, ga ɓarawon haske. Har raina Turawan da suka ƙera shi na yi a zuciyata, mutane su yi abin kallo sannan su lulluɓe shi da duhu! Na sa reza na ɗaga gefenta. Ta ƙi fita salin-alin, na kankare ta gutsi-gutsi, na goge gam ɗin da kananzir. Gilashi ya fito tas, haske na ratsa shi kamar ruwan randa.

Na mayar da batir. Agogo ya yi ƙararsa, alamar yana da rai, amma babu lamba ko ɗaya. Na sauya batir, na karkata shi, na fita rana da shi. Fuska fes, babu komai a kanta. Gutsattsarin ledar kuwa na riga na share su cikin ƙasa.

A nan ya kamata in tafi Kano in tambayi waɗanda suka sani. Amma na riga na ce wa Baba zan kawo masa Juma'a mai zuwa, kuma na yi wa kaina ƙaryar cewa wataƙila lambobin su dawo a hanya. Ranar Juma'ar na miƙa masa, bakina ɗauke da bayanin da na shirya. Ya kai shi kusa da ido, ya nisanta shi, ya juya wajen ƙofa. Ya daɗe.

"Ya yi haske ƙwarai," ya ce. "Aikinka ya yi kyau. Amma ko ɗigo ban gani ba. Ashe idon ne ya ƙare."

Kalma huɗu kawai ake bukata, Baba ni na ɓata. Kunyarsa da girman kaina suka haɗu suka riƙe mini harshe. Na dai ce ya bar mini shi in ƙara dubawa, na sa a aljihu na fito.

Sai bayan mako biyu na samu shiga birni. Wani dattijon mai gyara ya saurare ni, ya yi dariya har da tari. Ya ce ledar nan lalle tana cinye kusan rabin hasken, amma ita ce ke tace shi har lambobin su bayyana, in babu ita suna nan suna aiki, ido ne ba zai gan su ba. Ya ɓaro wata daga mataccen agogo, ya ɗora, yana juya ta a hankali. Lambobi suka fito baƙi ƙirin a kan toka, daidai yadda suke a da. Bai ƙara masa haske ko kaɗan ba, kuma ya ce shi ma bai san mai iya ƙarawa ba.

Na hau motar Rogo ina murna. A zaure na tarar da Baba a zaune, ana yayyafi. A nan na ji cewa washegarin ranar da na kai masa agogon babu lamba ya je wurin liman da kansa, ya ce idonsa ya tafi, ba zai ɗauki alhakin sallar jama'a ba. Har an naɗa wani.

Na durƙusa na ajiye agogon a tabarma. Ya ɗauka, ya karkata shi sau ɗaya.

"Huɗu saura kwata," ya karanta.

Sannan ya ɗago ya dube ni, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. Bai tambaye ni komai ba. Muna haka sai muryar sabon ladan ta taso daga masallaci. Baba ya sake duba agogon.

"Ya kira daidai," ya ce. "Miƙo mini buta."