Mun Duba Komai a Motar, Ban da Abu Ɗaya

Na manta abubuwa da yawa da suka same ni a rayuwa, amma yadda na sayi motata ta farko ba zai taɓa fita daga raina ba, ko da na so ya fita.

A lokacin ina aiki a wani kamfanin jimar fata a Challawa, ina zaune a Panshekara da matata da 'ya'yanmu biyu. Shekara tara na yi a sashen da ake jiƙa ƙirgi a cire masa gashi. Aikin safe nake yi, ƙarfe biyu nake tashi daga aiki, sauran yinin kuma ina ƙofar gida ina jin rediyo. A lokacin ne kiran mota ta waya ya fara karɓuwa a Kano: fasinja ya danna manhaja, direba ya zo ya ɗauke shi, in ya sauka ya ba direban taurari, daga ɗaya zuwa biyar. Na ce wannan aiki don ni aka ƙirƙiro shi. Na sayar da babur ɗina, na haɗa da ɗan abin da na daɗe ina tarawa, na shiga neman mota.

Ina so a san cewa ban yi gaggawa ba. Wata biyu na yi ina bincike. Motar da nake nema sai ta zama mai ƙofa huɗu, ƙaramin inji, ba ta shan mai, ana samun kayan gyaranta a Ƙofar Ruwa, na'urar sanyinta kuma tana aiki. Na ƙi wata a Bompai saboda girman injinta, na ƙi wata saboda na gano an sake mata fenti. Har abokan aikina suka fara zuwa wurina neman shawara a kan mota, ni da ban mallaki ko taya ba. Ni kuma ina ba su, da murya irin ta manya.

Rannan wani dillali ya kira ni, ya ce akwai wata ƙarama ruwan toka a Sharada, ta wani Alhaji, kuɗinta kuma bai kai na sa'o'inta ba ko kusa. Don kada a cuce ni, sai na tafi da masana biyu: bakaniken da ke gyara injinan sashenmu, da direban babbar motar kamfaninmu. Bakanike ya shiga ƙarƙashinta ya fito, ya saurari inji, ya ce lafiya ƙalau. Direba ya zagaya da ita ta cikin ramukan Sharada, ya ce ko ƙara ba ta yi. Muka rufe gilasai, muka kunna sanyi, muka zauna ciki muna hira kamar a falo. Shi kuwa dillali yana can gindin bishiya da hankici a hanci, wai mura yake yi.

Na ce, "Alhaji, me ya sa kuka yi mata wannan kuɗi haka?"

Ya ce, "Malam, ni dai kayan sana'ata nake ɗauka da ita, yanzu na samu babba. Mutum huɗu sun zo, kowa ya buɗe ƙofa sai ya ce zai dawo. Ku ne na farko da kuka shiga kuka zauna."

Muka kalli juna muka yi murmushi. Mun ɗauka yabo ne, cewa mu ne muka san mota. Ban tambaye shi sana'arsa ba. Na dai tambaye shi ranar da ya canza baƙin mai.

Ran Asabar da la'asar na samu fasinjan farko. Na yi wanka sau biyu, na sa farin kaftani. Motar ta wuni a rana, don haka na rufe ko'ina na kunna sanyi. Wata Hajiya ce da 'yarta, daga Bompai za su biki a Hotoro, sun sha ado, ƙamshinsu ya riga su shiga. Ba mu yi nisa ba Hajiya ta ce, "Malam direba, a sauke gilashi."

Na ce, "Hajiya, ai na kunna muku sanyi."

"Na ji. A sauke."

Na sauke. 'Yar ta tura fuskarta cikin mayafi. Can Hajiya ta matso ta ce a hankali, cikin tausayi, "Ɗana, ka duba but ɗinka kuwa? Ina jin wani abu ya mutu a ciki."

Na tsaya na buɗe but, wato ma'ajiyar kaya ta bayan motar, fes yake. Kafin in rufe sun tari adaidaita. Tauraro ɗaya ta ba ni. Na koma gida ina cewa masu kuɗin nan sai a hankali, ba a iya musu.

Sauran makon haka ya tafi. Wani ma'aikacin banki ya yi tafiyarsa duka da kai a waje. Wata mai juna biyu ta roƙe ni in tsaya, kuma na yi sa'a na tsaya da wuri. Mutum ɗaya kawai ya ba ni taurari biyar, ya yaba tsabtar motar, muna hira kuma sai na gano a kamfanin fata na kusa da namu yake aiki. Ko a nan ban gane ba. Sai da saƙo ya shigo wayata cewa an dakatar da ni saboda koke-koken fasinjoji a kan wari, sannan na gane akwai matsala. Babur ya tafi, tarin shekaru ya tafi, ga mota a ƙofar gida.

Na shiga wurin matata, don ta shiga motar har sau biyu. Na ce, "Ke kin ji wani wari a motar nan?"

Ta ci gaba da tankaɗe. Can ta ce, "Na ji mana."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Na ɗauka kai ne."

Wannan magana ta fi dakatarwar yi mini ciwo. Shekara tara ke nan tana tarbata da murmushi, tana kai mini ruwan wanka tun kafin in zauna, ni kuma ina ɗauka tsabar ladabi ne.

Washegari na koma Sharada. Ashe Alhaji fataucin ƙirgi yake yi. Shekara da shekaru yana loda ɗanyar fata mai gishiri daga mayanka zuwa Challawa, a but da kujerar baya, ruwanta yana tsiyaya cikin soson kujera. Ya ce, "Ban ɓoye muku komai ba, Malam. Da na ga kun rufe gilashi kuna dariya, sai na ce Allah ya kawo masu ita." Gaskiya kuwa ya faɗa.

Babu abin da ban yi ba. Na kai ta wanki, na canza kafet da kujeru, na zuba gawayi, matata ta yi mata turaren wuta har kwana bakwai. Ta ce yanzu warin ya zama na ƙirgin da za shi gidan biki. Da safe sai a ce ya tafi, rana na ɗagawa ya dawo.

A ƙarshe na haƙura da manhaja. Na koma ɗaukar abokan aikina daga Panshekara da Kumbotso zuwa Challawa, in dawo da 'yan aikin rana. Mutum huɗu a kowane sawu, gilasai a rufe, kowa yana sa wa motar albarka. Da ita na ciyar da gidana shekaru, kuma ko sau ɗaya ba wanda ya yi ƙorafi.

Abin da na koya shi ne, aibin da mutum yake kwana yake tashi a cikinsa, shi ne na ƙarshen da zai gane. In za ka sayi abin da wasu za su yi amfani da shi, kada ka tara masu irin hancinka su taya ka dubawa. Nemi mutum ɗaya daga waje, ka roƙe shi ya faɗa maka gaskiya, ko da game da kai ne.