Man Shanu a Gefe

A dangin mijina maza ba sa tsufa, kuma duk unguwarmu a Wurno an san haka. Mahaifinsa a fadama ya faɗi yana ba albasa ruwa, gemunsa baƙi wuluk. Wansa kuma a kasuwar Achida ya dafe ƙirji ya zauna kan buhu, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Aka ce haka kwanan gidan yake, aka yi addu'a aka watse. Ni kuwa tun da aka kawo ni gidan, in Malam ya yi tari sai gabana ya faɗi.

Shekarar da ya fara haki in ya hauro daga fadama, na tasa shi gaba da mita har ya yarda mu je asibiti a Sakkwato. Na bi shi ne don na san halinsa, in shi kaɗai ya je zai dawo ya ce an ce lafiyarsa lau. Aka ɗebi jini. Likitar ta ce kitse ya yi yawa a jininsa, irin wanda ake gado, kuma shi ke taruwa yana toshe hanyoyin jini har wata rana zuciya ta tsaya mutum yana tsakiyar ƙarfinsa. Da muka faɗa mata yadda mahaifinsa da wansa suka rasu, sai ta ajiye biro ta dube shi. Ta ce kwana na Allah ne, amma wannan ciwo yana da magani. Ta rubuta ƙwayar da zai riƙa sha kullum, ta ce ya yi nesa da man shanu da kitsen nama.

Ƙwaya ba ta ba ni wahala ba, ni ke miƙa masa da ruwa in tsaya har ya haɗiye. Ciyayya ce ta so ta kayar da ni. A layinmu, in an idar da magariba, magidanta kan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan dattijon unguwa, kowane gida ya fito da kwanon tuwonsa, a ci na wannan a jawo na wancan. Darajar mace kuwa a buɗe kwano ake ganinta. In man shanu soyayye da albasa bai kwanta a saman miya ba, to ko dai rowa gare ta, ko fushi take da mijinta. Ni ba yabon kai ba, kwanona ake fara jawowa.

Ranar da na fara aika tuwo ba mai, kwanon ya dawo kamar yadda ya tafi, an ɗan gutsura gefe don kunya. Malam kuwa ya shigo leɓensa na sheƙi. Wato na bar mutuncina a tabarma, shi kuma ya cika cikinsa da man maƙwabta. Raina ya ɓaci matuƙa. Na yi magana, sai ya ce, "Mi kika so in yi? In ɗauke hannu ga kwanon maƙwabci a ce na rena abincin gidanai?" Ya kuma ja min kunne kada kowa ya ji yana da ciwo, ba ya son a riƙa duban sa kamar mai jiran kabari.

Ba a daɗe ba zance ya zagaya cewa na koyi rowa. Ya kai kunnen Inna, mahaifiyarsa, ta zo har bakin murhu ta same ni.

"Ke, mi ɗana ya yi miki kinka hana mai mai?"

Malam ya hana ni gaya wa mutane, amma Inna ai ba mutane ba ce. Na ajiye muciya na kwashe duk abin da likita ta ce na faɗa mata, ban rage ba. Na ce, "Inna, abin da ya ɗauke miki biyu shi na cikin jinin na ukun. Ni dai ba ni zuba mai da hannuna."

Ta juya ta tafi. Na ɗauka na yi laifin da ba zai gyaru ba. Washegari da hantsi sai ga ta da mayafi da sandarta, ta ce in taso. Gida-gida muka bi layin nan, ni a baya kamar sabuwar amarya. Ba ta roƙi kowa ba. Duk gidan da muka shiga ta zauna ta gaya wa matan gidan yadda abin yake, ta ce daga yau kada a sake zuba mai cikin miyar ciyayya, a sa shi a ɗan ƙoƙo a gefe, mai so ya zuba a gabansa. Wata ta ce mijinta zai yi faɗa, Inna ta ce a turo mata shi, ita ta yi masa wanka yana jariri a hannun uwarsa.

Da magariba kwanuka suka fito, kowanne da ɗan ƙoƙonsa. Maza suka yi ta gunaguni wai mata sun haɗa kai. Malam ya gane inda abin ya fito, ya shigo yana huci, na ce ya je ya yi faɗan da mahaifiyarsa. Bai je ba. Ya ci gaba da sa hannu a kowane kwano, bai ɓata wa kowa ba, bai kuma taɓa ƙoƙo ba. Da muka koma asibiti likitar ta duba sakamako ta yi murmushi, ta ce mu riƙe abin da muke yi, mu kuma kawo yaranmu a auna su. Muka kai su. Har cikin masu gunagunin nan akwai waɗanda suka bi sahu suka je awo asibiti a ɓoye, matansu ne suka tona.

Shekaru suka yi ta wucewa, ina lissafi a zuci ban gaya wa kowa ba. Ya wuce shekarun wansa, ya wuce na mahaifinsa. Wata Juma'a ya dawo masallaci ya durƙusa gaida Inna, lokacin idonta ya yi rauni. Ta ce ya matso cikin haske. Ta kama gemunsa ta kai kusa da fuskarta, tana juya shi da yatsu.

"Wagga hurhura ta?"

"Hurhura ta, Inna."

"Tun da anka kawo ni gidanga ban taɓa ganinta ga namiji ba."

Tana dariya hawaye na zuba, ta ƙi sakin gemun. Ni ina bakin madafa da ludayi a hannu, ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu.