Ƙwaryar Ruwa a Kan Wutar Fetur

Ko zan manta komai na zaman gulbi, ranar da jirginmu ya kama wuta ba za ta fita raina ba.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba. Ni da yayana muke fito a gulbin Jega, da jirgin da mahaifinmu ya bar mana, mun ɗaura masa inji. Shi ke riƙe inji, yana ba fasinja dariya. Ni ke tsara kaya, ina faɗa.

Da ma'aikatan kashe gobara suka zo koyar da masu jirage, ni na je, shi ya ce yana da aiki. Na dawo na tsare shi. Na ce na farko, ba a zuba fetur inji na aiki. Na biyu, in wuta ta tashi, a rufe hanyar mai. Na uku, a danne ta da jiƙaƙƙen buhu ko yashi, kada a watsa ruwa.

Ya yi dariya har da buga cinya. "Kai, malam na-ɗaya-na-biyu! Muna bisa ruwa, mu ɗauko yashi? Mi gulbin ga ke yi?"

Na yi fushi na ƙyale shi. Nan na yi kuskure.

Wata ranar kasuwa mun ɗauko buhunan albasar Aliero da wasu mata 'yan Maiyama. Tsakiyar gulbi mai ya yi ƙasa, yayana ya tuntsura jarkar fetur zai ƙara, inji na ruri. Sai wuta, fuu! Kafin in buɗe baki hannunsa ya kai ga ƙwaryar da muke kwarfe ruwa da ita. Tun yana yaro ita hannun ya sani. Ya watsa. Wutar ta hau kan ruwan, ta taho cikin jirgi wajen ƙafafun mata.

Wata tsohuwa ta hau salati tana cewa, "Ɗiyana, ku hidda mu!"

Na zazzage albasa, na tsoma buhu, na danne. Shi kuwa ya cusa hannu cikin wutar ya rufe mai. Kowa ya sauka lafiya. Hannun ne bai sake lanƙwasuwa ba.

Da na je duba shi, ya ɗaga hannun a naɗe ya ce, "To malam, na biyun dai na ci."

Bai ƙara shiga jirgi ba har Allah ya karɓi abinsa. Na yi shekaru ina fito da wasu, babu wanda ya iya sa jirgi ya cika da dariya kamarsa. Har yau nakan juya baya in nemi wanda zan yi wa faɗa.

Da a ce na kunna 'yar wuta a bakin gulbi na miƙa masa buhu ya gwada sau ɗaya, da ya wadatar. Abin da na koya ke nan: ranar firgici kunne ba ya tuna komai, abin da hannu ya saba shi yake yi.