Fadamar Mahaifiyata da Ɗakunan Ɗalibai

Shekarun baya, lokacin da ɗalibai suka fara yi wa Zuru yawa, kawuna ya sayar da fadamar mahaifiyata.

Wanda bai san garinmu ba, a gindin duwatsu muke. Kakanninmu a saman dutse suka zauna, sai da hankali ya kwanta suka sauko. Da damina ruwa kan gangaro ya cika rafi, da rani kuma ya bar danshi a gefe. Da can abu biyu muka sani, noma da aikin soja. Da kwaleji ta bunƙasa sai garin ya koma cin abinci a jikin ɗalibai: mai kabu-kabu, mai tuwo, mai shago, kowa jira yake a dawo hutu. Duk mai fili ya fara mafarkin ɗakunan haya.

Fadamar nan a bakin rafi take. A al'adarmu saurayi yakan yi shekaru yana yi wa surukinsa noma kafin a ba shi mata, golmo ke nan. A wannan filin mahaifina ya yi nasa. Da aka yi auren, kakana ya ce wa 'yarsa ta ci gaba da nomawa. Bayan mahaifina ya rasu a bakin aikin soja, da alayyafo da tumatir da kuɓewar wurin ta ciyar da mu, ta kai mu makaranta.

Wata safiya ta tafi ban ruwa, ta tarar tifa ta juye yashi a kan yabanyarta. Ba wanda ya gaya mata komai. Ta dawo da bokitinta a hannu, ta zauna.

Ni kuwa lokacin jini na tafasa. Na ɗauki fartanya na nufi gidan kawu, wai zan yi yaƙi, ni da ko kaza ban taɓa yankawa ba. Mama ta biyo ni ta ƙwace fartanyar a hanya, muka shiga tare.

Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce, "Yaya, mi na yi maka? Baba da bakinai ya ba ni wurin nan."

Ko kallonta bai yi ba. Ya ce, "Aro ya ba ki. Yaushe ɗiya mace ta fara gadon ƙasa a gidanmu?"

Na ce, "Kawu, to gumin da babana ya zuba a wurin fa?"

Ya ce, "An biya shi. Ga uwarka nan."

Wallahi wannan maganar ta fi sayar da filin yi mini ciwo. Dattawa sun zauna, kowa ya sunkuyar da kai, aka ce al'ada ta ba shi gaskiya, a yi haƙuri. Al'adar da ta sa mutum ya yi shekaru yana duƙe a gonar wani, ita ce ba ta san matarsa ba ranar da ƙasa ta yi daraja. Duk shekarun da wurin yake laka da sauro, ba wanda ya tuna cewa aro ne.

An gina ɗakunan ɗalibai a wurin, an zagaye da katanga har bakin ruwa. Mama ta koma soya ƙosai. Ta yafe wa yayanta tuntuni, har jinyarsa ta yi. Ni dai ban kai nan ba, kuma ba zan yi muku ƙarya ba. Idan na ji ana yabon yadda gari ya ci gaba, nakan so in tambaya, a kan gonar wa?

Da tsufa ya kama ta, wata rana ta ce in kai ta ta ga rafin. Na ɗauke ta a babur. Sai da na roƙi maigadi kafin ya buɗe mana ƙofa. Tana tsaye a tsakar gidan tana dube-dube, ta rasa ta ina za ta gane wurin, sai wata ɗaliba ta fito da ladabinta ta ce, "Sannu Mama, wa kike nema?"

Mama ta daɗe tana kallon simintin da ke ƙarƙashin ƙafarta. Ta ce, "Ba kowa, ɗiyata. Ɓatan hanya na yi."