Layin da na tsallake wa Baba

Ciwon ƙaba ya yi shekara tara a jikin Baba. Ɗaukar dilolin yadi a masaƙar Kakuri ne ya jawo masa. Idan ya yi tari sai ka ga ya dafe mara, abin ya kumburo kamar ƙwan agwagwa, ya kwanta ya tura shi ciki da yatsu. Duk wanda ya ambaci asibiti, Baba zai tashi ya bar masa ɗakin. Yayansa a kan teburin tiyata ya rasu a ƙauye, kuma aikin ƙaba ne aka je yi masa. Baba ne ya raka shi, shi ne kuma ya dawo da takalmansa a leda.

Bayan soja sun koma bariki, wasu likitocinmu da ke waje suka fara dawowa gida. Ɗaya daga cikinsu ya zo da na'urar da ake gyara ƙaba ba tare da an tsaga ciki ba. Huji uku ƙanana ake yi, a zura kyamara, a shimfiɗa raga daga ciki. Yana neman masu ciwon da za su shiga bincike, a yi musu aikin a riƙa duba su har shekara guda. A coci Mama ta ji labari. Wata biyu tana yi wa Baba naci safe da yamma, har ya ce zai je ya gani da idonsa, don dai a bar shi ya ci tuwonsa lafiya.

Likitan ya nuna masa na'urar, ya ce a waje har rage tumbin masu ƙiba ake yi da ita. Baba ya yi dariya ya ce, "Mu nan Sabon Tasha yunwa ce ke mana wannan aikin." Da na ji dariyar sai na sa rai.

Aka ba mu takarda mai shafi huɗu da Turanci, wadda sai ya fahimta ya sa hannu. Ni ce babbar 'yarsa, ina koyarwa a firamare a Barnawa, don haka ni aka miƙa wa in fassara masa. Muka zauna a benci a baranda. Na karanta masa komai tiryan-tiryan har shafi na uku, inda aka jera abubuwan da ka iya faruwa: zubar jini, ciwon ya dawo, a koma tsaga cikin idan na'ura ta gaza. Na ƙarshe shi ne mutuwa, ko da yake an rubuta da wuya ƙwarai. Idona ya gani, bakina ya wuce. Na san idan ya ji zai miƙe, ni kuma na gaji da ganin ubana yana dafe mara. Tsoro ne ya kama ni, ba wata dabara ba.

Abin da ban sani ba, a tsarin binciken sai nas ta sa mutum ya maimaita abin da ya gane da bakinsa. Wata dattijuwa ce 'yar Filato, mai tabarau a kan hanci. Baba ya lissafa mata jini, ya lissafa dawowar ciwo, ya lissafa tsaga, ya tsaya nan.

"Saura ɗaya, Baba," in ji ta.

"Shi ke nan abin da aka karanta mini."

Ta dube ni ta saman tabarau. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ɗauki takardar ta faɗa masa layin a hankali, ta ƙara da cewa yana da ikon ya ƙi, ba wanda zai ji haushi. Na sunkuyar da kai ina jiran ƙarar benci.

Baba bai tashi ba. Ya daɗe yana kallon hannuwansa, sannan ya ce, "Yayana ba wanda ya gaya masa wannan. Sista, ba ni biro."

Aikin ya yi kyau. Kwana biyu aka sallame shi, Mama tana leƙa filasta ukun tana cewa anya an taɓa mutumin nan kuwa. Duk kwanakin bai ce mini komai a kan takardar ba, ni kuwa abin yana cina. Sai a bas, muna komawa gida, ya dafa gwiwata.

"Mamana," haka yake kirana, don sunan uwarsa aka sa mini. "Na san abin da ya sa kika yi. Amma kar ki sake. In rana ta zo, daga bakinki nake so in ji."

Ya ƙara shekara goma sha ɗaya yana noman masara a bayan gida. Da wani ciwo daban ya zo, likita ya kira ni gefe ya yi mini bayani. Na wanke fuskata a famfo, na shiga na zauna a bakin gadon Baba, na gaya masa duka.