Asalin Kiɗan da Ban Ji Ba

Ɗiyata tana da shekara goma sha ɗaya lokacin da ta kawo mini takardar. Muna zaune a Vénissieux kusa da Lyon, a Faransa, a wani bene hawa na tara, watan Nuwamba ya kusa ƙarewa, sanyi ya fara shiga ƙashi. Makarantar kiɗa ta unguwarmu za ta yi taron ƙarshen shekara, kuma malamar fiyano ta zaɓe ta ta kaɗa wani gajeren kiɗa ita kaɗai a gaban iyaye. Duk ajin ita aka zaɓa. Abin da ake nema a wurina sa hannu ne kawai.

Na karanta takardar har ƙasa, sai na ga an rubuta cewa kiɗan na wata tsohuwar waƙar Nowel ne, wato ta Kirsimeti. Na ajiye biro.

"Baba, ba a waƙa a ciki fa," in ji ta. "Yatsu ne kawai."

Na ce mata ban hana ba, amma ta bari in binciki asalinsa tukuna.

Wanda ya san ni ba zai yi mamaki ba. Aikina gwajin ruwa ne, in aka kawo mini kwalba tambayata ta farko ita ce daga wace rijiya. A gidanmu a Damagaram ko akuya za a saya sai an ji garken da ta fito. Wannan halin na kwaso na jibga wa kiɗan da bai kai minti biyu ba. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Ina tsoron in tura ɗiyata cikin ibadar wasu ban sani ba, ina kuma tsoron bakin 'yan garinmu, wanda ko sanyin Faransa bai daskarar da shi ba. Tsoro na biyu ya fi na farko ƙarfi, amma da wani ya faɗa mini haka a lokacin da mun yi faɗa.

Na fara da malamar. Tsohuwa ce mai kumburarrun yatsu, ta karɓe ni a wani ɗan ɗaki da fiyano ya cinye rabinsa. Ba ta nuna jin haushi ba. Ta ce yawancin waɗannan waƙoƙi ba a coci aka haife su ba. Mutanen ƙauye ne, manoma da makiyaya, suke ɗaukar karin da suka riga suka sani, na rawa ko na rarrashin jariri, su ɗora masa baitocin haihuwar Annabi Isa da harshen ƙauyensu, su rera a bakin murhu lokacin da sanyi ya hana aikin gona. Daga baya makaɗan coci suka ɗauka suka ƙawata, daga baya kuma aka sauƙaƙa su don yara masu koyon fiyano. Ina ta rubutawa kamar ɗalibi.

"To wannan nata fa, daga ina?"

Ta ce ba wanda zai iya rantsewa. Sannan ta ce, "Ka zauna mana, yanzu za ta shigo, sai ta kaɗa maka."

Na duba agogo na ce ana jirana a wurin aiki. Ta raka ni bakin ƙofa, ta tuna mini cewa ranar Juma'a ta sama za a rufe jerin sunaye a kai wurin bugawa.

A gida muna da ƙaramin fiyano na lantarki. Tun ranar da maƙwabcinmu na ƙasa ya fara dukan bututun ɗumama ɗaki don mu yi shiru, na kafa doka cewa sai da abin sawa a kunne za a kaɗa. Saboda haka duk yamma abin da nake ji ƙwas-ƙwas ɗin yatsu ne a kan roba, ita tana can kusurwa tana kaɗa kai, ni ina kan tebur da takarduna ina neman kakannin abin da take kaɗawa. Takardar izinin tana manne a jikin firiji. Kowace safiya sai ta kalle ta, ta kalle ni, ba ta cewa komai.

Uwarta ce mai cewa. "Kai dai kafin ka gano rijiyar, mai jin ƙishirwa ya tafi."

Na ce mata harkar ilimi ba a yi mata gaggawa.

A satin ƙarshe aiki ya kai ni Paris kwana biyu. Ranar Alhamis da aka tashi taron aikin na shiga wani babban ɗakin karatu, aka fito mini da tsofaffin ƙananan littattafan waƙoƙin Nowel, irin waɗanda 'yan koli suke yawo da su ƙauye-ƙauye a zamanin da. Na sami karin nata an ambace shi a wuri uku. A ɗaya baitocin na addini ne, a ɗaya makiyayi ne yake kukan sanyi da yunwa, na ukun kuwa zambo ne aka yi wa wani marowaci. Wanne ne ya riga wanne, littattafan ba su faɗa ba. Na fito kaina ya fi yadda na shiga nauyi.

Washegari bayan sallar Juma'a na tafi Clichy-sous-Bois, a bayan garin Paris, wurin Kawu, aminin mahaifina, mutumin Maraɗi da ya tsufa yana tuƙa bas a Paris. Yana da karatu, kuma ba ya tsoron kowa. Na yi niyyar in ya ce babu laifi in sa hannu, duk mai magana in ce ya je ya same shi. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi mutan Lyon ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi sanyi, ya tambayi gida. Sannan na baje masa takarduna a kan darduma, na yi ta bayani. Ya saurara har na gama.

"To madalla," in ji shi. "Rera mini in jiya."

Na ce, "Kawu?"

"Kiɗan. Yi mini shi da baki, ko kaɗan."

Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Na san sunansa, na san yankin da ake zaton ya fito, na san baitoci uku da aka ɗora masa. Karin kuwa ko gaɓa ɗaya ban sani ba, don ban iya karanta rubutun kiɗa ba, kuma ban taɓa jin sa ba.

"Sati nawa ɗiyar ta yi tana kaɗa shi cikin ɗakinka?"

Na ce ya fi shida.

Sai ya ce, "Ni ba ni yanke hukunci bisa abin da ni da kai ba mu jiya ba. Kai kuma ba hukunci ya kawo ka ba, bango kake nema ka laɓe. Tashi ka tai gida."

Kunya ta rufe ni har na kasa tattara takardun da kyau. A kan matakala na tuna ranar ce Juma'ar da aka ce. Na kira makarantar, an tashi. Na kira gida na ce uwarta ta sa hannu, ta ce tun da rana yarinyar ta cire takardar daga firiji ta jefa a shara.

Ranar Litinin na je da kaina, ihu bayan hari. Malamar ta ce an riga an buga jerin, an ba wata yarinya wurin. Ba ta zarge ni ba, kuma da ta zarge ni da na fi samun sauƙi.

Da yamma na jawo kujera kusa da fiyanon, na ce wa ɗiyata ta kaɗa mini a fili, maƙwabci ya daki abin da zai daka.

"C'est pas grave, Baba," in ji ta, wato ba komai. "Na manta shi."

Yaron da ya yi sati shida a kan abu ba ya manta shi cikin kwana uku. Na sani, ta san na sani. A watan Janairu ta ce aikin makaranta ya yi mata yawa, ta bar ajin kiɗa. Babu wanda ya hana ta, kuma wannan ne yake ci mini rai har yau, don ba ni da wata doka da zan janye.

Yanzu ta girma, tana aiki a Paris. Ba mu da rigima. Tana kira duk Lahadi, tana gaishe ni da ladabi, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Disambar da ta wuce na je wurinta, ta rako ni tashar jirgin ƙasa. Akwai fiyano a tsakiyar tashar wanda aka ajiye don duk mai so, wata mata ta tashi daga kansa ke nan, kujerar babu kowa. Na yi shekaru ina shirya maganar, amma abin da ya fito bai wuce kalma huɗu ba.

"Ko za ki gwada?"

Ta kalli kujerar. Sai ta ɗaga kai ta duba allon jirage, ta gyara mini wuyan riga yadda ake yi wa tsoho.

"Baba, an sa layin jirginka. Mu je kada ka makara."