Uban da Ɗanjuma Ya Samu a Lasifika

Duk wanda ya tsaya gaban shagon Ɗanjuma a titin Ogui, cikin garin Inugu, sai muryarsa ta canza. Ƙaton da ya gama zagin ɗan okada a bakin titi, da ya leƙo ya ga mai shagon a kan keken guragu, sai ya sirantar da murya kamar mai lallashin jinjiri, yana tambayar ya jiki, an ci abinci kuwa. Shi kuwa Ɗanjuma, da gemunsa, ya haura talatin, yakan miƙa hannu ya karɓi wayar da aka kawo gyara ya ce jiki lafiya lau, wayar ce ba lafiya.

A unguwar Coal Camp aka haife shi, ranar Juma'a, gidan mahaifinsa Bappa mai suya. Karayarsa ta farko a hannun tsohuwar da ke masa wankan jarirai ta faru, da ta miƙe masa ƙafa yadda ake miƙe wa kowane jariri. Daga nan abin ya zama sana'a. Ya karye a goyo, ya karye a rarrafe, atishawa ma ta taɓa tsaga masa haƙarƙari. Matan unguwa suka ce mayu ne, suka ma fara nuna gidan da mayyar take. Maƙwabta Inyamurai suka ce irin yaran nan ne masu zuwa duniya su koma. Kallamu mai ɗori shi kaɗai bai taɓa cewa komai ba, yana dai ta ɗori, har ana cewa ɗakin da ya ƙara a gidansa da ƙasusuwan Ɗanjuma aka gina shi.

Sai da yaron ya isa shiga makaranta wata likita a babban asibiti ta buɗe idonsa, ta ga farin ya yi shuɗi-shuɗi, ta faɗi wani dogon suna da Hajaratu, uwarsa, ba ta riƙe ba. Abin da ta riƙe shi ne: da shi aka haife shi, ƙashinsa ne mai gautsi, ba wanda ya kama masa kurwa, kuma a daina ja masa gaɓoɓi. Bappa bai daɗe ba ya rasu. Danginsa suna can Arewa, sun aiko da gaisuwa. Ɗanjuma ya girma gajere, ƙafafu a lanƙwashe, kai da baki kuwa garau. Ya koyi gyaran waya don aiki ne na zama da yatsu, kuma waya ba ta rungumar mutum.

Tun yana yaro Alhaji Ya'u Indabawa ya gano shi. Alhaji dillalin albasa ne, motocinsa na sauke kaya a Inugu da Onitsha, kuma a lokacin duk sa'o'insa kowa na da ƙungiyar da yake shugabanta, shi kaɗai ba shi da ita. Ya kafa Gidauniyar Tallafa wa Masu Gautsin Ƙashi, mai mara lafiya guda ɗaya. Duk shekara a kafa rumfuna a filin Islamiyya, baƙi su zo daga Onitsha da Fatakwal, a rataya ƙaton kyalle mai hoton Ɗanjuma yana yaro da giɓi. Gemu ya fito, hoton bai canza ba. Alhaji ya ce mai gemu ba ya sa a tausaya.

A faɗi gaskiya, gidauniyar ta yi abin kirki. Ita ta sayi keken, an daina zancen mayu, har wasu iyaye da ke ɓoye nasu yaran a ɗaki suka fito da su aka kai asibiti. Sauran abin da ake tarawa kuwa, shinkafa da lemon baƙi sun san inda yake.

Babban abin kallo shi ne jawabin Alhaji. A turo Ɗanjuma gaba, Alhaji ya dafa keken, ya ciro hankici, murya ta fara rawa. Ya ce yaron nan maraya ne amma ba maraya ba ne, shi ne ubansa duniya da lahira, duk abin da ya nema an gama. Daga nan sai hawaye. Masu baƙin ciki suna cewa akwai yankakkiyar albasa cikin hankicin, amma ba wanda ya taɓa kamawa.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa canza wa Ɗanjuma murya ba: Mahbuba, 'yar Alhajin, tela mai shago a tsallaken titi, haihuwar Inugu, wadda in ta fusata Hausa ba ta isar ta. Ranar farko da ta dawo da wayarta ta dangwara masa a tebur ta ce, "Malam, you no sabi work. Ka gyara ko ka lalata?" Ɗanjuma ya ce tun da yake ba a taɓa yi masa magana mai daɗin wannan ba. Bayan haka wayar ta riƙa dawowa gyara kowane mako, ba abin da ya same ta.

Da magana ta yi nisa tsakaninsu har ta kai ga aure, Mahbuba ta raka Hajaratu asibiti ta tambayi likita da bakinta. Aka gaya mata 'ya'ya suna iya gado, suna iya tsira, ba mai ba ta tabbaci. Ta ce ta ji, ai masu ƙashi kamar rodi ma ta ga yadda suke riƙe matansu.

Saura uba. Ɗanjuma ya roƙi Malam Salihu, limamin unguwa, ya je wajen Alhaji ya ji ta bakinsa. Malam ya fara da cewa Ɗanjuma na son aure, bai kai ga sunan yarinya ba Alhaji ya kwashe da dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce yaro ya yi me da mata, a saya masa rediyo. Malam ya naɗe sauran maganar ya dawo da ita.

Mahbuba ce ta ce a bar mata. Ta ce ita ta san ubanta, a zaure ba abin da ba ya ƙi, amma in lasifika na hannunsa bai san a'a ba.

Ranar taron bana aka turo Ɗanjuma gaba kamar kullum. Alhaji ya yi maraya, ya yi duniya da lahira, hankici ya fito. Da ya kai ga duk abin da ya nema an gama, Ɗanjuma ya ɗaga hannu. Ba a saba ba. Alhaji ya sunkuya ya kanga masa lasifika a baki, yana murmushi wa baƙi.

"Baba," in ji Ɗanjuma, "a al'adarmu uba ke nema wa ɗansa aure. Na ga wadda nake so, ita ma tana so. Tsoron mahaifinta nake, kada ya dubi ƙafafuna."

Rumfar mata ta ɗauki guɗa. Alhaji ya ga baƙin Fatakwal sun ɗaga wayoyi suna ɗauka, sai abin ya hau masa kai. Ya miƙe ya ce shi da ƙafarsa zai je. Ya ce duk uban da zai hana yaron nan 'ya saboda jarrabawar da Allah ya yi masa, to bai san Allah ba, kuma a gaban jama'ar nan zai kira sunansa. Ya ce ko 'yar wane ce. Ya maimaita, ko 'yar wane ce. Sannan ya tambayi sunan uban.

"Alhaji Ya'u Indabawa, mai albasa."

Lasifikar ta yi wannan ƙarar da takan yi. Alhaji ya kai hankici ido, karo na farko cikin shekaru hawaye suka ƙi zuwa. Ya waiga rumfar mata, Mahbuba na zaune a layin gaba tana gyara mayafi, ba ta sunkuyar da kai ba. Malam Salihu bai jira ba, ya ɗaga hannu ya ce a yi fatiha ga wannan niyya ta alheri, jama'a suka shafa. Wani tsoho daga Onitsha ya tambayi na kusa da shi, da murya mai isa ko'ina, ko Alhaji a keke zai je gidan surukan ko a ƙafa.

Kwanaki Alhaji bai fito kasuwa ba, aka ce zazzaɓi. Da ya fito, shagon Ɗanjuma ya nufa, ya kori masu jiran waya, ya tsaya a ƙofa. Muryar da ya yi magana da ita ba ta rumfa ba ce, wadda yake yi wa direbobin da suka kawo masa ruɓaɓɓiyar albasa ce.

"Kai munafuki ne. Shekara da shekaru ina turo ka a keke, ashe kai ke tura ni."

"Allah ya huci zuciyar Baba."

"Kada ka ƙara ce mini Baba. Da me za ka ciyar da ita?"

Ɗanjuma ya nuna teburinsa. Alhaji ya tambayi zancen 'ya'ya, aka gaya masa abin da likita ya ce, ba a rage ba. Ya tambayi ɗakin da za su zauna, da wanda zai ɗauke shi in ya karye, da ko yana bin jam'i. Ya yi masa tambayoyin da ake yi wa kowane namiji da ya zo ɗaukar 'yar mutane, har da waɗanda ba su da amfani. A ƙarshe ya ce Ɗanjuma ya je ya nemi wani uban, shi uban mace ne, kuma ba zai sassauta komai ba. Malam Salihu ya karɓi wakilcin ango.

An ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Kyallen nan mai hoton yaro da giɓi Mahbuba ta yanka ta ɗinka wa shagon Ɗanjuma rumfa, hoton na kallon sama. Taron baɗi yana nan, Ɗanjuma ne zai yi jawabi, ya ce a rage shinkafa. Alhaji har yanzu shi ne shugaba, sai dai in ya biyo ta Ogui yakan tsaya daga bakin titi ya daka wa surukinsa tsawa kan wayarsa da ba ta caji. Ɗanjuma yakan bar shi ya gama kafin ya karɓa.